Sutura da Zargi: Kallon Turawa ga Musulmi da Yadda Ya Shafi Zangunan Accra

Tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, da waɗanda suka biyo baya a Madrid a 2004 da Landan a 2005, suturar Musulmi a ƙasashen Turawa ta koma abin da ake tattaunawa a majalisu da ofisoshin tsaro. Faransa ta hana sanya alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004, ta haramta niƙabi, wato mayafin da ke rufe fuska, a bainar jama'a a 2010, sannan ta hana ɗalibai sanya abaya a 2023. Hujjar mahukunta a dokokin makarantun ita ce aƙidar raba addini da gwamnati, amma tsoron ta'addanci ne ya sa talakawa suka karɓi dokokin hannu bibbiyu, har laifin 'yan tsiraru masu ɗauke da makami ya shafi miliyoyin baƙi masu neman halaliyarsu.

Mazauna unguwannin Nima da Maamobi na Accra ba su buƙatar a fassara musu wannan hali, domin zango, wato unguwar da fatake da malamai daga arewa suka kafa a garuruwan kudu, ya daɗe yana amsa sunan baƙo. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, aka kwashi Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa, ciki har da waɗanda aka binne cibiyarsu a ƙasar.

Zargin na yau yana isa zango ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta 'ya'yan unguwar da ke ci-rani a Bronx ta birnin New York da Hamburg da biranen Italiya, waɗanda kuɗin da suke aikowa ke ciyar da gidaje da biyan kuɗin makaranta, kuma gemu ko hijabi ko sunan Musulunci kan jawo musu ƙarin tambaya a filin jirgi da wurin neman aiki. Ta biyu ita ce ta cikin gida, inda tsoron da kafofin labarai ke shigowa da shi ya haɗu da tsohon tsarin makarantun mishan. A 2015 ƙorafin tilasta wa ɗalibai da ma'aikatan jinya cire hijabi ya kai har gwamnatin John Mahama ta gargaɗi shugabannin makarantu da asibitoci. A 2016 karɓar 'yan Yaman biyu daga kurkukun Guantanamo ya tayar da ƙura. A 2021 kuma makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta hana wata ɗaliba azumi, alhali sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da 'yancin addini.

Barazanar ta'addanci gaskiya ce, tunda Burkina Faso da ke maƙwabtaka da Gana tana fama da ita, kuma dalilin ke nan da ya sa hukumomin tsaro suka ƙaddamar da yekuwar kai rahoton duk abin da ba a yarda da shi ba a 2022. Sai dai irin wannan yekuwa ba ta tasiri sai da amincewar limamai da sarakunan zango da matan kasuwa, kuma wanda ake zargi saboda rigarsa ba ya saurin buɗe baki. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna hanya lokacin da ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a bikin Ista na 2019, yana dab da cika shekara 100, sanye da rawaninsa.

Saboda haka wajibi ne majalisar dokoki ta fayyace matsayin hijabi a makarantu da wuraren aiki, jami'an tsaro su auna mutum da aikinsa, iyaye da malaman zango kuma su sa ido a kan abin da 'ya'yansu ke karantawa a intanet.