Daga Ikko zuwa KD

Masu sauraro, ku tsaya a tashar mota ku saurari 'yan kamasho. Ba mai cewa Maiduguri, Yerwa ce. Kano kuwa Ta Dabo, Sakkwato Birnin Shehu, kuma ɗan Nijar har gobe Damagaram yake zuwa, ko da takarda ta ce Zinder. Matasa sun gutsure Kaduna ta koma KD, kamar yadda tsohuwar lambar mota take ɗauke da shi.

Amma sunayen fatake sun fi taɓa zuciyata. Ikko, Badun, Kurmi, Gwanja: kakanninmu sun taka waɗannan hanyoyi da jakuna, sun dawo da goro. Yau ka ce wa yaro kakansa ya je Gwanja, sai ya tambaye ka ina ne. A arewacin Ghana take, ɗana.