Banbari, garin kasuwar shanu a ƙasar Ingila

Yau za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Ingila, mu ga wani gari da ake ce ma Banbari. Kasuwa ce ta haife shi, ita ce kuma ta raine shi.

Banbari yana bakin wani ƙaramin kogi mai suna Carwal, wajen kilomita 100 arewa maso yamma da Landan. Tun shekara ta 1086 sunansa ya shiga babban littafin da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta don ƙidayar gonaki da dukiyar ƙasa. Ku lura da wannan, ku masu koyon karatu: abin da za mu faɗa muku yau, a takarda aka same shi. Wanda ya gani da ido ya daɗe da rasuwa, takardar ta rage.

A lokacin, garin yana hannun babban limamin kirista na Linkon. A 1135 wani daga cikinsu, Alekzanda, ya gina gidan yaƙi mai ganuwa a nan, aka tsara filin kasuwa a gindinsa. A Ingila ta wancan zamani ba a kafa kasuwa sai da iznin sarki, kuma a rubuce. Mai riƙe da iznin shi ke karɓar kuɗɗin shiga da na rumfa. To, Banbari ya samu izni, kasuwa ta riƙa ci ranar Alhamis. A 1554 Sarauniya Maryamu ta ƙara ba garin takardar da ta ba mutanensa ikon tafiyar da al'amuransu da kansu.

Me ake kawowa? Ulu, cuku, hatsi, dawaki, tumaki, amma sama da kome shanu. Masu koren shanu suna tasowa da ƙafa tun daga duwatsun Welis, can yamma, su yi makonni bisa hanya. Har takalmin ƙarfe ake buga ma shanun don kada kofatonsu ya lalace. Wanda ya taɓa koren garke zuwa kasuwa mai nisa ya san sauran labarin: neman ruwa, neman wurin kwana, da rigima da mai gona. A tsakiyar titi ake cinikin dabbobi, shi ya sa har yau akwai titin da sunansa ke nufin kasuwar dawaki.

Gari bai rasa masifa ba. A 1628 gobara ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajensa. Ba a gama farfaɗowa ba sai yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa ya iso. An kewaye gidan yaƙin a 1644, aka sake a 1646. Da yaƙi ya lafa, mutanen gari suka nemi a rushe shi, don shi ke jawo musu soja. Aka rushe shi a 1648, suka kwashi duwatsun suka gyara gidajensu. Ni dai a ganina sun yi dabara.

Abin da ya canja garin ƙwarai, hanya ce. A 1778 aka iso da wani magudanar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, daga wajen Kobantiri. Doki ɗaya yana tafe a gefe, yana jan jirgin ruwa mai ɗauke da kayan da amalanke da yawa ba su iya ɗauka. Ta nan gawayin ƙasa ya shigo da arha. A 1790 magudanar ta kai Okisfod. Sai kuma jirgin ƙasa a 1850. Daga nan masana'antu suka kafu, ciki har da ta Samuwelson mai ƙera injunan noma da na girbi, waɗanda ake saidawa har ƙasashen waje. A 1931 aka buɗe ma'aikatar alminiyam, a 1964 ta kofi. Ɗan manomi ya zama ma'aikaci mai albashi.

Ita kasuwar shanu, a shekarun 1920 aka fid da ita daga tituna, aka kai ta ƙetaren kogi kusa da tashar jirgi. Can ta bunƙasa, har ana lissafa ta cikin mafi girma a Turai ta yamma. Ana gwanjon dabbobi, mai shela yana kiran farashi, masu saye suna ɗaga hannu.

Amma ga abin mamaki. A 1991 aka kammala babbar hanyar mota tsakanin Landan da Barmingam, ta bi ta gefen Banbari. Kamfanoni suka zo, gidaje suka ƙaru. Kasuwar shanu kuwa ta soma ja da baya. Manyan kantuna da mahauta sun koma saye kai tsaye daga gona, mota ta ɗauka, ba sai an bi ta kasuwa ba. Cutar haukar shanu ta ƙara dagula lamari, har aka hana fitar da naman Ingila waje a 1996. A 1998 aka rufe kasuwar. Dillalai da makiyayan kewaye sai suka riƙa neman wata kasuwa mai nisa. Inda shanu ke tsayawa dā, an gina gidaje da makaranta. Ma'aikatar alminiyam ma ta bi sahu bayan shekara goma.

A ƙidayar 2021, mutanen Banbari sun haura 50.000. Ranar Alhamis da Asabar masu kayan lambu, kifi da tufafi suna kafa rumfunansu a tsohon filin. A watan Oktoba kuma ana bukin shekara, wanda dā can ne barori da ƴan ƙwadago ke tsayawa manoma su ɗauke su aikin shekara guda. Yanzu lilo ne da wasannin yara ke cika titunan, kwana uku.