Auduga ta Aljihu, Hatsi na Rumbu

Jawabin malamin gona ga manoman auduga da suka zo cin rani Zongon Kwatano

Iyayena da yayyena, mutanen Kandi da Banikwara da Malanbil. Kafin ku koma gida sharar gona, ga magana guda da nake so ku tafi da ita: kada kowa ya ba auduga gonarsa duka.

Ga dalili. Audugar da kuke gani ana lodawa a tashar jirgin ruwa ta garin nan, ba mu ne ke yanka mata kuɗi ba, kasuwar duniya ce. A watan Maris na 2011 laba ɗaya ta wuce dalar Amurka 2, amma kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da dala 1. Shi ya sa gwamnati da ƙungiyar AIC, watau haɗin manoma da masu injin gurza, suke tsai da kuɗin kilo tun kafin shuka, domin manomi ya san inda ya dosa.

To, amma tsai da kuɗin auduga bai tsai da kuɗin sauran kaya ba. A 2022 an ɗaga kilo daga sefa 265 zuwa 300. A shekarar nan kuwa yaƙin Rasha da Yukren ya sa taki tsada, buhu ya tashi daga 12,000 zuwa 14,000, duk da gwamnati ta ɗauke wani kashi. A 2024 masara ta yi tsada har aka hana fitar da hatsi waje. Wanda ya shuka auduga zalla, a bakin mudu kuɗinsa suka ƙare.

Saboda haka ga shawara uku.

Ta fari, ku raba gona uku: auduga, masara ko dawa, sa'an nan wake ko waken suya. Kowace damina ku juya su. Masara tana cin sauran takin da auduga ta bari, wake kuwa yana mayar wa ƙasa ƙarfinta, ƙwari kuma ba su samun wurin zama.

Ta biyu, takin da kuka karɓa bashi ne a wuyan ƙungiyar ƙauyenku duka. In mutum ɗaya ya sayar da nasa a kasuwa, audugarsa ta kasa biya, daga kuɗin maƙwabtansa za a cire. Ku zuba shi inda aka ce, ku haɗa da takin shanu.

Ta uku, kada ku sayar da hatsi da kaka sa'ad da yake arha. Ku auna abin da zai kai iyali wata kakar, ku rufe rumbu tukuna.

Auduga tana sayen riga da keke da kwanon rufi, amma ba a tuƙa tuwo da ita. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.