Ƙarfe a cikin cinya: me ke faruwa da ƙashi bayan shekaru?

Yau maganar ƙashi za mu yi, ƙashin wanda aka yi wa aikin sauya mahaɗar ƙugu.

Kar ka ce ai matsalar tsofaffi ce. Matasa masu sikila da dama, kan ƙashin cinyarsu yakan mutu saboda jini ya daina isa wurin, ƙarshe sai an sa na ƙarfe. Wanda aka yi wa aikin yana ɗan shekara 25 kuwa, zaman shekaru masu yawa zai yi da ƙarfen nan.

To, ƙashi dai abu ne mai rai. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka. In an ba shi aiki ya yi ƙwari, in an sauke masa ya rame. Shi kuma ƙarfen da ake zurawa cikin ƙashin cinya ya fi ƙashin tauri nesa ba kusa ba, sai ya karɓe nauyin jiki ya wuce da shi can ƙasa. Ƙashin sama ya zauna ba aikin yi, jiki kuma ya riƙa kwashe ma'adinansa.

Likitoci suna auna wannan da na'urar DEXA, su raba kewayen ƙarfen gida 7. Yawanci raguwar ta fi yawa a sama, ta ɓangaren ciki, kuma ta fi sauri a shekarar farko. Daga nan sai ta lafa, amma abin da ya tafi ba kasafai yake dawowa duka ba.

Abin lura, ba ta zuwa da ciwo. Sai ranar da mutum ya faɗi ƙashin ya karye a gefen ƙarfen, ko a zo aiki na biyu a tarar ƙashin da zai riƙe sabon ƙarfe ya yi kaɗan.

Saboda haka ka riƙa takawa yadda likita ya tsara, ka samu kalsiyam da bitamin D, ka bar sigari, ka je a yi hoto a kan lokaci ko da ba abin da ke damunka. In sabon ciwo ya taso a cinya ko matsematsi, asibiti za ka nufa, ba wajen mai ɗori ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.