Kayan Mai Doguwar Tafiya a Kan Babur

Maganarmu ta yau da masu hawan babur take, musamman masu tafiya mai nisa, kamar daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar da ta wuce kilomita 200.

Wanda ke cikin mota ƙarfe ya kewaye shi. Mai babur kuwa ba abin da ke tsakaninsa da kwalta sai abin da ya sa a jikinsa. Saboda haka kayan da ya sa su ne garkuwarsa.

Na farko hular kwano. A shekarar 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya fāɗi da babur, ya bugu a ka, ya mutu. Ɗaya daga likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur, har a 1941 aka tilasta musu sa hular. Binciken likitoci na baya ya nuna tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuwa da wajen kashi 69.

Ga yadda take aiki. Bayanta mai tauri yana baza ƙarfin bugu. Cikinta akwai wani soso mai ƙarfi wanda ke motsewa ya shanye bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Don haka hular da ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, ko ba a ga tsaga ba, a sake wata. Ku sayi wadda ta kama kai daidai, ku ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. A Janairun 2009, da aka tsananta dokar hular a Nijeriya, waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Ƙwarya ba ta tare kwalta.

Na biyu ido. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 kowace daƙiƙa. In ƙwaro ko ƙurar hunturu ta sa ya runtse ido daƙiƙa 2, ya yi tafiyar mita 33 yana makaho. Ku sa tabarau, ko hula mai gilashi. Amma baƙin tabarau na rana ne kaɗai.

Na uku hannu da ƙafa. Mutum in zai fāɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, saboda haka a sa safar hannu ta fata. Tana kuma rage sanyi da sanƙarewar yatsu, yatsun da ke kama birki. Silifa ba takalmin babur ba ne. A sa sau-ciki wanda ya rufe idon sawu, da wando mai kauri saboda zafin salansa.

Na huɗu riga. Babbar riga, ko mayafin matar da aka goya, yana iya shiga sarƙa ko taya ya fizgo mutum. A tattare su sosai. A sa riga mai kauri, mai dogon hannu, mai launi mai haske don direbobi su hango ku da dare. Da damina kada a bar rigar ruwa a gida.

Na biyar ruwan sha. Iska tana busar da gumi, mutum bai san jikinsa na ƙarar da ruwa ba, sai ciwon kai da jiri. Ku ɗauki gorar ruwa. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Ku tsaya kowane awa 2, ku sauka, ku miƙe baya. Ƙwaya irin su tiramadol ba ta kawar da gajiya, hankali take dusashewa. Maganin barci, barci.

Abu na ƙarshe. In kun tarar da wanda ya fāɗi, kada ku fizge hularsa, kada ku murɗa wuyansa, domin watakila ƙashin wuya ya taɓu. Ku nemi taimako a kai shi asibiti, ko da ya ce ba ya jin kome.

Kuɗin waɗannan kaya bai kai na jinyar karaya ba. Rigakafi ya fi magani.