AMSOSHIN TAKARDUNKU: Kaskon Wuta A Ɗakin Tsohuwa

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Bacirawa, daga wani magidanci da ya roƙi a sakaya sunansa, don ya ce wannan fili ba ya wuce maiɗakinsa. To, mun sakaya. Amma Malam, in ta ji labarin ai za ta gane gidanta.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Tun da ɗari ya kama, kullum bayan sallar lisha uwargida takan cika kasko da garwashi, ta kai ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana da jikoki uku, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Kwana biyun nan tsohuwa na tashi da ciwon kai da jiri. Ran Talata kuwa sai da aka yi ta jijjiga autan kafin ya farka, ya tashi yana amai. Da ya ce a daina, sai tsohuwa ta ce ita da wutar kasko aka goye ta, ga ta nan ta haura saba'in. Maƙwabta kuma sun ce ɗakin ne ke da iska, a nemo turare. Yana tambaya, wa ke da gaskiya?

Malam, na gode da ka tambaya tun ana amai, ba a kai ga salati ba.

Da farko kada ka ga laifin uwargida. Wa ke fara tashi a gidanka a watan Janairu? Ita ce. Kai kana ƙudundune, ita ta fito ta hura kara, ta ɗora ruwan alwala, don na cikin buta ya kwana kamar ƙanƙara. Ta yi ɗumame, ta dama koko, ta shafe ƙafafun yara da man kaɗanya saboda kaushi da faso. Ta share tsakar gida, kafin hantsi ƙura ta sake rufe shi. Kai kuma ka ɗora wa jaki mangala kana jidar taki zuwa gona, don gonakin wannan yanki namu ba su san hutu ba, shekara da shekaru taki ke riƙe da su. Da la'asar ka dawo ka sauko wa awaki da harawa, ita tana nan tana sussuka, hazo ya mayar da rana kamar faifai. Wadda ta wuni a haka, ta ji surukarta na tari da dare, dole ta nemi abin da zai ɗumama ta. Niyyarta mai kyau ce.

Af, tun da na ambaci ƙura: yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Tana sa mu mura, amma tana zuba wa gonakinmu ɗan abinci kyauta. Wannan zance ne na wata rana.

Yanzu ga amsa. Maƙwabtanka sun faɗi rabin gaskiya. Akwai iska a ɗakin, sai dai ba ta aljanu ba ce. Duk lokacin da gawayi ke ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yakan fitar da wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monokzaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Jinin mutum ya fi saurin kama ta, sama da sau 200, a kan iska mai kyau da ke rayar da mu. In ta cika jini, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa rabonsu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, nauyin barci, duk abin da ka lissafa ke nan. Wanda ke barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, wucewa kawai yake yi. Ta fi saurin kayar da jariri, da mai ciki, da tsoho.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sukan ce ai mun bari hayaƙin ya ƙare a waje, garwashin ya yi ja zur, sannan muka shigo da shi. Jama'a, jan garwashin nan marar hayaƙi shi ma yana fitar da gubar. Hayaƙi ma ya fi shi kirki, don shi yakan sa ka tari.

To, tsohuwa fa, ƙarya ta yi? A'a. Amma ka tambaye ta cikin ladabi, a wane irin ɗaki aka goye ta? Ɗakin ciyawa ne, ko na kara, ƙofarsa asabari. Irin wannan ɗaki yana numfashi ta ko'ina. Kai kuwa a takardarka ka ce bara ka yi mata na bulo, da rufin kwano, da silin, da ƙofar ƙarfe. Ka kyauta, Allah ya saka. Sai dai tulu ka gina mata, ga kuma tsumma a taga. Wutar dai ita ce ta da, ɗakin ne ya sake.

Abin da za ka yi daga daren yau: in za a ji ɗumi, a ji shi da ƙofa a buɗe ana hira, kafin a kwanta a fitar da kasko waje, a kashe shi, don iskar hunturu ba ta da wuyar kai tartsatsi jikin zana ko rumbu. A cire tsumman taga. Sanyi ta ƙasa yake shiga jiki, saboda haka a shimfiɗa buhuna ko kwali ƙarƙashin tabarma. Yara su kwana da hula da safa. A zuba ruwan ɗumi a jarka, a rufe da kyau, a naɗe da zane, a ajiye wa tsohuwa wajen ƙafa. Masu janareto, wannan magana har da ku: hayaƙinsa gubar nan ce, kada ya kwana a zaure ko gindin taga.

In kuwa, Allah ya kiyaye, aka tarar da wani ya ƙi farkawa ko yana sambatu, a buɗe ƙofa, a fito da kowa waje, a nemi mota ko babur sai asibiti. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi. Turaren da aka ce ka nemo, wani garwashin za a ƙara a ɗakin. Autan nan ma, ko da ya warware, ka kai shi a duba shi, shi da kakarsa, ka gaya wa likita zancen kaskon.

Saura yadda za ka shawo kan tsohuwa, don na san wannan ne ya fi damunka. Lokacin da nake koyarwa a firamare na lura ba a karɓe abu a hannun yaro sai an miƙa masa wani, tsofaffi ma haka suke. Ka ɗebi ɗan wake ka kai Dawanau, ka wuce Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka zaɓo bargo mai nauyi, ka kai mata da hannunka. Sannan ka ce, "Inna, albarkacin jikokinki." Kada ka tura uwargida da wannan saƙo, ka san tsakanin suruka da suruka.

Muna jiran takardarka mako mai zuwa, mu ji yadda autan ya kwana.