Bayan Korona Ta Wuce: Mantuwa, Kasala da Hancin da Ya Daina Jin Wari



Yau maganar korona za mu yi. Na san wani zai ce, "Haba malam, ai wannan ta wuce." E, ta wuce, amma a jikin wasu ta bar saura. An tabbatar da mutum na farko a Benin ran 16 ga Maris 2020, a Nijar kuma ran 19 ga watan. Bayan nan mutane da yawa sun yi zazzaɓi da tari, suka sha magani suka miƙe, ba wanda ya gwada su.

A Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan saura: alamun da ke nan wata 3 bayan kamuwa, suka daɗe aƙalla wata 2, ba kuma wata cuta da ta haddasa su. Da yawansu a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke. Ɗan kasuwar da ke juya naira zuwa sefa a ka, yanzu sai ya tsaya yana lalube. Makiyayi ya ƙirga garke sau uku, lissafi bai zauna ba. Ga ciwon kai, ga rashin barci, ga tafin ƙafa na zugi kamar ana tsira allura, ga kasalar da hutu ba ya kore ta.

Bari in tsaya kan hanci. Can sama cikin hanci akwai jijiyoyin da ke kai ƙamshi ƙwaƙwalwa. Cutar takan kama naman da ke tallafe da su, wurin ya kumbura. Yawancin mutane sukan warke cikin makonni. Wasu sai jin warin ya dawo a karkace, nama ko albasa su riƙa yi musu ɗoyi. Ku dubi mai sana'ar albasa a kasuwar Malanville da wannan lalura! Abin ma da ya fi ba ni tsoro shi ne mai sayar da fetur a kwalba: jarka na yoyo a ɗaki, shi bai ji ba, yaro ya ƙyasta ashana. Haka mai tallar nono, ba ta gane ya lalace.

Akwai dabarar da likitoci ke koyarwa: a sami abu huɗu masu ƙarfin ƙamshi, kamar lemun tsami, kanumfari, citta da na'ana'a, a shaƙi kowanne safe da yamma, wata da watanni. Kasalar kuma ba a yi mata dole. A raba aiki, a huta tun kafin jiki ya faɗi. Don Allah kar a nemi ƙarfi a tiramol, ƙara rikita kai yake yi.

Kada dai a ɗora wa korona komai, kada kuma a ce sammu ne a zauna gida. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga da ƙarancin jini duk suna kawo irin wannan, kuma ana gane su da awo. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a ɗauki mutum a nufi asibitin Malanville ko na Gaya a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.